Abin da Filasta ke Ɓoyewa: Yadda Gyaran Gida ke Lalacewa a Hannun Ɗan Kwangila

Gyaran tsohon gida ya fi ginin sabo wuyar sha'ani, kuma a nan ne ɗan kwangila marar amana ya fi samun kafa. Mai sabon gini yana zaune a wani wuri, in aiki ya tsaya sai ya jira. Mai gyara kuwa an kware masa rufi, an fasa masa banɗaki, iyali sun takure a ɗaki ɗaya ko sun koma gidan surukai, ga hadari yana haɗowa ta gabas. Duk abin da aka ce ya kawo, kawowa zai yi. Ɗan kwangilar ya san da haka tun ranar da ya cire fallen kwano na farko.

A ɗauki gida mai ɗaki uku da falo, irin waɗanda aka gina da bulo shekara talatin ko arba'in da suka wuce a unguwannin Kano ko Kaduna. Maigida yana son sabon rufi, banɗaki a cikin ɗaki, a rushe bango ɗaya falo ya faɗaɗa, a sake wayarin, a sa tayil da silin fiofi (POP), a yi fenti. Wani ɗan'uwa ya haɗa shi da mai aiki. Mutumin ya zo, ya zagaya gidan hannu a baya, bai fito da tef ba, bai rubuta komai ba, ya yanke kuɗi dunƙule. "Alhaji, ka bar min komai. Sati shida ka shigo gidanka." Aka tura masa fiye da rabin kuɗin. Satin farko gida ya cika da ƙura da leburori, domin rushe-rushe shi ne aikin da ya fi arha kuma ya fi cika ido. Sati na uku ma'aikata sun koma biyu. Sati na biyar waya ba ta shiga, in ta shiga kuma, "Wallahi Alhaji kaya sun tashi, sai an ɗan ƙaro wani abu."

Ba lallai ne mutumin ya zo da niyyar sata ba. Sau da yawa kuɗinka ya tafi ƙarasa aikin wani da ya ci kuɗinsa tun bara, naka kuma yana jiran kuɗin wanda zai zo bayanka. Ko da niyya ko babu, gidanka dai a buɗe yake.

Saboda haka kada kuɗi ya riga aiki. Gwamnatin tarayya ma, da lauyoyinta da komai, dokar bayar da kwangilarta ta 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin ɗari, daga baya aka ɗaga zuwa 30, kuma sai ɗan kwangila ya kawo takardar lamuni. To ina dalilin da mutum ɗaya zai miƙa kashi 70 a kan "in sha Allahu"? A raba aikin gaɓa-gaɓa: rufi, aikin kankare da bulo, famfo da wayarin, filasta, tayil da silin, fenti. Kowace gaɓa da kuɗinta, ana biya bayan an duba an gamsu. A kowane biya a riƙe kashi 5 zuwa 10. A manyan kwangiloli wata shida ake riƙe irin wannan kuɗi, amma a ƙasar Hausa ma'aunin da ya fi dacewa shi ne damina. Rufin da aka yi a Janairu ba wanda ya san gaskiyarsa sai ruwan Agusta ya sauka a kansa.

Maganar tashin kaya ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya motsa, kuma a Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnati ta zauna da kamfanonin siminti a kan batun. Maganin wannan shi ne a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Ka ba da jingar aiki, kaya kuma ka saya da kanka, ko ku je tare, a sauke a gidanka da rasit. Wanda yake Kano ya leƙa Ƙofar Ruwa ya ji farashin rodi da kayan famfo, ya je 'Yan Katako a Na'ibawa ya ji na katako; na Abuja ya je Dei-Dei. Yini ɗaya ne, amma daga ranar ba mai faɗa maka farashin da ya ga dama. Mai aikin da ya ɓata rai don an ce za a sayi kaya da kai, ya riga ya gaya maka inda ribarsa take.

Sannan a rubuta. Mutanenmu suna jin nauyin cewa ɗan'uwa ko abokin sahu a masallaci ya sa hannu a takarda, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takardar ba sai ta lauya ba. Amma "gyaran banɗaki" ba bayani ba ne. A rubuta girman tayil da adadin katan, irin bututu da faɗinsa, kaurin kwano, girman waya, ranar farawa da ta gamawa, wanda zai kwashe ɓaraguzai, da wanda tsohon kwano da tsoffin ƙofofi za su zama nasa (a kan wannan kaɗai an sha yin rigima). Duk ƙarin aikin da ya taso a tsakiya, a yi cinikinsa a rubuta kafin a taɓa shi. Shaidu biyu, kowa da kwafinsa.

Ha'incin da ya fi ciwo kuwa ba a lissafin kuɗi yake ba. Yana cikin abin da za a rufe da filasta, da tayil, da silin, inda ido ba zai sake kaiwa ba.

Lissafin siminti ba shi da wuya. Buhu kilo 50 ne, kuma yana cika kwanon sarki biyu, wato kwanon da leburori ke ɗauka a ka. Kankaren ginshiƙi da bim (kankaren da ke kwance yana ɗauke da nauyin sama) da linta (irinsa na saman ƙofa da taga), haɗinsa na yau da kullum kashi 1 na siminti ne, 2 na yashi, 4 na tsakuwa: buhu ɗaya, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa. Baron gini yana ɗaukar kusan kwano huɗu, ka ga ke nan buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. In ka tsaya ka ga ana juye baro biyu na yashi da uku na tsakuwa a kan buhu ɗaya, ana tula ruwa har kwaɓin yana gudu kamar koko don ya yi sauƙin zubawa, to ginshiƙin nan suna kawai ya tara. Ruwa mai yawa yana kashe ƙarfin kankare kamar yadda ƙarancin siminti ke kashe shi. Filastar cikin ɗaki 1 da 6 ake haɗa ta, buhu ɗaya baro uku na yashi mai laushi, kaurinta milimita 12 zuwa 15. A haka buhu yana rufe kusan murabba'in mita 12. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayinsa mita 3, bangonsa huɗu kusan murabba'in mita 40 ne in an cire ƙofa da taga, wato buhu uku zuwa huɗu. In an rubuta maka goma, ka tambayi inda sauran za su. In kuma an gama da buhu biyu, ka goga babban yatsa a bangon bayan kwana uku, za ka ga yashi yana zuba. A ce a ajiye maka buhunan da aka juye, ka ƙirga da yamma.

Yashi ma a gwada shi kafin tifa ta juye. Zuba shi a gorar ruwa mai haske ya kai tsayin santimita 10, cika da ruwa, girgiza, ajiye ya kwanta. Laka za ta hau sama ta yi layi. In layin ya kusa santimita ɗaya, laka ta yi yawa a yashin nan, filastarsa za ta tsattsage kamar bayan kunkuru. Bulo kuwa, ɗaga ɗaya daidai ƙirji ka sake shi a ƙasa mai tauri. Na kirki zai rabe biyu ko ya guntule a gefe, na algus zai koma gari. Murabba'in mita ɗaya na bango bulo goma yake ci, ko inci shida ko inci tara, don haka bango mai tsawon mita 3.6 da tsayin mita 3 bai wuce bulo 110 ba.

Ban-ruwa shi ne aikin da kowa ke gudu don ba a ganin sa. Kankare da filasta suna buƙatar ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, kuma kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Da hunturu ko tsakiyar bazara, iska da rana suna zuƙe ruwan kafin siminti ya gama kamawa. In ba a rubuta wanda zai yi ban-ruwa ba, ba wanda zai yi. Gara ka ɗora wa wani yaro a gida, ka biya shi daban.

Rushe bango don faɗaɗa falo shi ne wurin da ganganci ke iya cin rai. Ba kowane bango ne na raba ɗaki kawai ba. Wani yana ɗauke da katakon rufi, wani da dekin, wani ma tankin ruwa ne a samansa. Abin da ake yawan gani shi ne a fasa bangon ba tare da an tokare sama ba, sannan a zuba 'yar linta irin ta taga, rodi huɗu masu milimita 10, a kan faɗin mita uku da rabi. Wata biyu sai tsaga ta fito daga kusurwa ta yi sama a karkace, ƙofar kusa ta fara cijewa. A nan ba wurin tsimi ba ne. A kira injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya duba, ya rubuta zurfin bim da adadin rodi da girmansa, da ko sai an tayar da ginshiƙi a gefe da gefe. A tokare kafin a fasa, kuma kada a cire tokarar ƙarƙashin bim kafin sati uku. Gyaran da ya taɓa ƙashin gini ko ya ƙara bene yana buƙatar izinin hukumar tsara birni, a Kano KNUPDA ke nan. Ɗan kwangilar da ya ce "ba komai, mun san su" ba shi za a shafa wa jan fenti na alamar rushewa a katanga ba.

Rodi ana gane gaskiyarsa da sikeli. Tsawonsa mita 12. Mai milimita 12 nauyinsa kusan kilo 10.6 ne, wato guda 93 ko 94 a tan ɗaya; mai milimita 16 kusan kilo 19, guda 52 ko 53 a tan. In ya gaza haka sosai, an rage masa jiki ko tsawo. Kafin a zuba kankare ka leƙa cikin akwatin katakon, ka ƙirga rodin, ka ɗauki hoto. Ka tabbata an ɗaga shi daga jikin katako da kamar milimita 25, domin rodin da ya leƙo waje tsatsa zai yi, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki.

A rufi, ha'inci na farko kauri ne. An biya kuɗin kwanon alminiyom mai kaurin milimita 0.55, an kawo 0.45 ko ƙasa da haka, kuma ido ba ya rabewa. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin kauri da masu sayar da kwano suke da shi. A auna a gabanka kafin a sauke daga mota. Na biyu katako: ɗanye, ba a shafa masa maganin gara ba, an ware tsakaninsa don a rage adadi. Ɗanyen katako yana murɗewa in ya bushe, ya ja ƙusa, ramin ƙusa ya buɗe. Na uku ɗauri. Guguwar farkon damina, ta Mayu da Yuni, ba ruwanta da kyan kwano. In ba a ɗaure katakon da ke kwance a kan bango da langa-langa ko rodin da aka binne a kankare ba, rufin gaba ɗaya za ta ɗauka ta kifa a gidan maƙwabci.

Rufin ɓoye da ake yayi yanzu, wanda bango ke tasowa ya kare kwano, yana da kyau a hoto, amma shi ya fi kowanne yoyo in an yi shi da garaje. Duk ruwan rufin yana taruwa a kwatar kankare da ke bayan bango. In ba a ba ta gangara ba, ba a shimfiɗa mata abin hana ruwa mai kwalta da ake mannawa da wuta ba, ko aka sa mata bututun fita mai inci biyu maimakon huɗu, leda ɗaya da ganyen darbejiya sun isa su toshe ta, ruwa ya cika ya koma cikin silin. Shi ya sa ba a yarda a ɗaura fiofi kafin a gwada rufi. A hau da tiyo a sake ruwa na minti talatin, wani yana ciki yana kallon sama. Fiofi in ya sha ruwa sai ya yi taswira ruwan ƙasa, daga nan ya saki.

Wayarin ba ya son dogon bayani, lambobi ne. Fitilu waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa 4 kowace da layinta da birekarta, kukar lantarki 6. Mai ha'inci yana ja da 1.5 ko'ina, ko ya kawo wayar alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ka kankare bakin wayar da wuƙa: in cikinta fari ne, a mayar. Kada a yarda da haɗin waya a cikin bututun da ke bango, duk haɗi ya zama a akwatin da za a iya buɗewa. A tabbata akwai waya ta uku mai sauke wuta ƙasa, kuma ta isa har sandar da aka kafa a ƙasa, musamman ga hitar banɗaki. Kafin filasta ta hau, ɗauki hoton kowane bango, don ran da za a kafa ƙusar labule a san inda waya ta bi.

Banɗakin cikin ɗaki shi ne ya fi jawo da-na-sani, domin kuskurensa sai an fasa tayil ake gyarawa. Bututun masai inci huɗu ne, kuma yana son gangarar kamar santimita biyu da rabi a kowace mita. In ya kwanta babu gangara zai riƙa toshewa. Kowace rariya da wurin wanke hannu su sami gwiwar nan mai riƙe ruwa, ita ce ke hana warin sokawe dawowa ɗaki, a kuma fitar da bututun shaƙar iska sama da rufi. Koren bututun ruwan nan da ake haɗawa da zafi, in mai aiki ya bar shi ya daɗe a kan injin, bakin yana narkewa ya tsuke hanya, sai ka ga tanki cike amma shawa tana ɗiga. Kafin a rufe ko da bututu ɗaya, a toshe bakunan, a sake ruwa daga tanki ya kwana ya yini, a bi kowane haɗi da busasshen tsumma. Daɓen banɗaki ya yi ƙasa da na ɗaki da santimita biyu zuwa uku, ya gangara zuwa rariya. A shafa abin hana ruwa a daɓen da gindin bango, a toshe rariya, a tara ruwa kwana biyu, a duba bayan bangon. Bayan an sa tayil a watsa bokiti guda: ruwan da ya tsaya a kusurwa yau, nan zai riƙa tsayawa shekara ashirin. In za a haƙa sabuwar sokawe, ta nisanci rijiya ko burtsatse, taka da ta maƙwabci, da mita 15 aƙalla, in fili ya ba da dama 30.

Tayil mai santimita 60 da 60, katan mai guda huɗu yana rufe murabba'in mita 1.44. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 kusan katan tara ne, a ƙara ɗaya don yanka da fashewa. A saya gaba ɗaya lokaci guda, a duba lambar da ke jikin katan ta zo ɗaya, domin launi yana ɗan bambanta daga wani zubi zuwa wani. Washegarin sawa ka bi su da ƙwandala ko kan mukulli kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi ƙarar ganga an ɗiga masa siminti ne a kusurwa huɗu da tsakiya, cikinsa fanko, ƙafar gado za ta fasa shi.

Akwai kuma danshin gindin bango, wanda tsofaffin gidaje da yawa ke fama da shi: fenti yana kumbura, farin gishiri yana fitowa, filasta tana zuba. Abin da ɗan kwangila zai ce shi ne a lulluɓe da tayil zuwa ƙugu. Tayil ba ya kashe danshi, tura shi sama yake yi, shekara ɗaya ka gan shi ya leƙo ta saman layin tayil ɗin. Sai an nemo tushen: bututun da ke yoyo a ƙasa, kwatar da ke bin jikin bango, ko titin da aka yi ta cikowa har ya fi daɓen gida tudu. A gyara wannan, a sassaƙe filastar har santimita 30 sama da inda alamar ta tsaya, a bar bangon ya sha iskar rani, sannan a sake filasta mai ƙarfi, 1 da 4, da garin hana ruwa a ciki. Sabuwar filasta kuma ta yi sati uku zuwa huɗu kafin fenti. Mai gaggawar karɓar cikon kuɗi ba zai jira ba sai an tsare shi.

To in aikin ya riga ya lalace, mutum ya gudu ko ya tsaya yana ja? Abu na farko, a daina biya, ko sisi. Na biyu, kada a kawo wani ya ɗora a kai nan take, domin sabon aiki yana binne shaida. A ɗauki hoto da bidiyo na komai, a tattara rasit da shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin WhatsApp, har na murya. A samo mai ƙididdigar gini ko injiniya ya auna abin da aka yi, ya rubuta ƙimarsa da kuɗin gyara abin da aka ɓata. Wannan takarda ita ke mayar da "ya cuce ni" ta zama lamba. Sai a rubuta masa wasiƙa da wa'adi, kwana bakwai ko sha huɗu, a ba wanda ya haɗa ku kwafi, a sanar da mai unguwa ko shugaban ƙungiyar masu sana'arsa in yana da ita. Da yawa a nan suke warwarewa, don mai aiki ya fi tsoron sunansa ya ɓaci a unguwa fiye da kotu.

Mutane suna garzayawa ofishin 'yan sanda, amma sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Sai fa in akwai laifi a fili, kamar ya karɓi kuɗin kwano ya kawo rasit na bogi, ko ya kwashe simintin da ka saya ya sayar. Wannan zamba ce da cin amana. In ba haka ba hanyar ita ce sulhu ko ƙarar neman haƙƙi. Kano tana da cibiyar sulhu a ƙarƙashin babbar kotun jiha, tana kuma da kotun ƙananan da'awa da aka tsara don irin waɗannan basussuka, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Kotun shari'ar Musulunci ma tana sauraron irin wannan, kuma tambayar farko da alƙali zai yi ita ce ina rubutu, ina shaidu.

Wanda za a kawo ya ƙarasa aikin, a fara da shi daga gwaji, ba daga fenti ba: a sake ruwa a bututu, a hau rufi da tiyo, a buɗe akwatin soket biyu ko uku a ga wayar da ke ciki, a sassaƙe ɗan wuri a bim a ga ko rodin da aka biya yana nan. A rubuta abin da ya tarar a takarda daban, ya sa hannu kafin ya ɗauki cokalin gini, in ba haka ba duk abin da ya fashe gobe zai ce aikin na farko ne.